Tazargaden Inna Mai Ƙamshi

Duk wanda ya ce muku Inna Mai Ƙamshi ta ruɗe, ku turo mini shi. Ɗakina na jingine da nata, bango ɗaya ya raba mu, ko tari ta yi ina ji. Wallahi har gobe hankalinta ya fi na masu cewa ta ruɗen. Abu ɗaya cuta ta ɗauke mata, sauran kuwa mutane ne suka ƙwace da rana tsaka, muna tsaye muna kallo.

Ni tela ce. Ranar da na shigo gidan hayar nan da kekena na ɗinki, ita na fara gani a bakin famfo, ta duƙa kan baho, hannuwanta sun yi fari fat saboda sabulu. Mijinta lebura ne a tashar jirgin ƙasa. Ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ya bar mata 'ya ɗaya mace, da baho biyu, da dutsen guga na gawayi. Da waɗannan ta raini 'yarta. Wanki da guga take yi wa mutane, kuma a layinmu masu wankau sun fi a ƙirga, amma in ka ga mutum ya wuce su duka ya shigo har ƙuryar gidanmu da ƙunshin kaya, ka san ƙamshin ya biyo.

Tazargade ne sirrinta, in ma sirri ne, don ba ta taɓa ɓoye shi ba. Ɗan ƙaramin itace ne da ke fitowa da kansa a gangaren tudun da ke bayan layin dogo, ganyensa tsaga-tsaga, ƙamshinsa mai ɗaci-ɗaci da ke buɗe ƙirji. Takan yanko shi ta shanya a inuwa, ba a rana ba, ta ce rana ɓarauniyar ƙamshi ce. In ta gama guga sai ta saka ɗan reshe a tsakiyar ninkin kaya. Asu ba ya kusantar tufafin da ya ji shi, kyankyaso ma haka. Da yamma takan zuba busasshensa a kan garwashi, sauro ya bar mana tsakar gida. In yaro ya yi zazzaɓi a gidan, ita ke dafa shi a yi masa wanka. In cikin wani ya murɗa, ta jiƙa masa kaɗan, ya sha yana yamutsa fuska yana tsine mata, gobe ya zo yana godiya. Ni kaina na ɗinka mata 'yan jakunkunan ƙyalle ba adadi, tana cusa ganyen ana sawa cikin matashin kai.

Sai dai a tudun nan akwai wata ciyawa da ke fitowa tare da shi, a cakuɗe. Mu dai maƙaryaciya muke ce mata. Tun tana ɗanya ganyenta sak na tazargade, amma wari gare ta irin na tsohon tsumma, kuma in ta daɗe a jikin fata sai ƙaiƙayi da ƙuraje, wani ma har kumburi. Masu ido kan bambanta su in sun juya bayan ganyen. Inna ba ta taɓa wahalar da kanta da wannan ba. Ta tsinko, ta murza tsakanin yatsu biyu, ta kai hanci, shi ke nan. Ko da yanar ido ta fara rufe mata gani ba ta damu ba.

"Ido maƙaryaci ne, Tela," in ji ta. "Ido ne ya zaɓar miki mijinki na fari, ina yake yanzu?"

Na ce, "Inna, ki fita harkata."

"To ki riƙa shinshinawa kafin ki ɗauka."

'Yarta ta auri wani direban babbar mota. Ta haihu, jikin ya ƙi daɗi, ba ta ga yaye ba Allah ya karɓi abarsa. Jaririyar kuwa kamar ɗan tsako, ba wanda ya sa mata ran rayuwa. Dangin uban suka zo, suka leƙa cikin zani, suka dubi juna. Ƙanwar uban, wadda ke da shagon lemo mai sanyi a bakin babban titi, muna ce mata Mai Firji, ita ta yi magana a madadinsu.

"Inna, ki riƙe ta kawai. Ke kika fi mu sanin zafinta."

Ba su sake waiwayo ba. Inna ta goya abarta ta koma bakin baho. Madarar gwangwani take ɗura mata da ƙaramin cokali. Yarinyar in tana barci takan yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro, shi ya sa Inna ta sa mata Kurciya, sunan ya bi ta. Tun tana cikin zanin goyo take kwana kan matashin tazargade, har ya zamana in ƙamshin ya sane ba ta iya barci, sai ta yi ta juyi tana ƙananan koke-koke. Da ta fara tafiya sai ta riƙa bin kakarta tudu, tana murza ganye da 'yan yatsunta tana kai wa hanci kamar wata babba. Na ga farin ciki a rayuwata, amma ban ga irin na tsohuwar nan ba ranar da yarinyar ta yar da wani ganye ta ce, "Tir, maƙaryaciya!"

To, sai da Kurciya ta isa aike, ta iya ɗaukar ƙaramin bokiti ba ta zubar ba, sannan Mai Firji ta tuna tana da 'yar wa. Ta fara zuwa da alewa, da ɗan takalmin roba. Ta zauna a kan tabarma tana "Inna" sama "Inna" ƙasa, idonta na kan hannun yarinyar, yadda take matse ƙananan kaya tana miƙa wa kakarta. Yarinyar da ke mata wanke kwalabe a shago ta gudu, kowa ya sani a layin.

Na ce, "Inna, in kin ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi."

Ta ce, "Haba Tela, jininta ne fa. Ke dai ba kya raina abin faɗa."

Har tudu Inna ta tafi da Mai Firji. Ina wurin. Da hannunta ta murza mata ganyen biyu, ta ce ji wannan, ji wannan. Mai Firji ta toshe hanci da ta ji na biyun, tana dariya tana cewa ko makaho ba zai haɗa su ba. Ku riƙe wannan maganar.

Daga nan sai maganganu suka fara zuwa daga gidan baffan yarinyar, babban wan ubanta, wanda shi ke yanke magana a danginsu. Wai Inna ta tsufa. Wai idonta ba ya gani sosai. Wai yarinya na buƙatar mai ƙarfi. Inna ta aika musu cewa ran da suka ga tabo ɗaya a jikin Kurciya su zo su ɗauke ta. Da alfahari ta faɗa, don fatar yarinyar kamar an shafe ta da mai, ko cizon sauro babu.

Ana haka wata muguwar mura ta kwantar da Inna, da zazzaɓi mai zafi. Ta tashi, ta koma aiki, muka ce alhamdu lillahi. Ran nan ina kan keke sai na ji ƙauri. Na fito da gudu. Inna na zaune ta juya baya tana tsefe wa Kurciya kai, dutsen guga na kan rigar wani malamin makaranta, hayaƙi na tashi a gefen kafaɗarta, ita kuwa tana 'yar waƙarta. Na fizge dutsen. Ta juyo ta ga rigar, ta dube ni, sai ta tura yarinyar ta je ta ɗebo ruwa.

"Tun yaushe?" na tambaye ta.

"Tun murar nan." Ta ja ni cikin ɗaki, ta ɗauko damin tazargade ta tura fuskarta ciki gaba ɗaya, ta ja numfashi har kafaɗunta suka ɗaga. "Kamar in shinshina iska, Tela. Kalanzir ma ba na ji. Kan yarinyar nan, da nake sanin ta yi zazzaɓi tun kafin in taɓa ta, ba na ji."

Ta kama hannuna ta ce in rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ta san me zai faru in maganar ta kai gidan baffa. Ido ya tafi, hanci ya tafi, ga risho, ga garwashi, ga yarinya ƙarama. Na rantse. Daga ranar na zama hancinta. In za ta tudu tare muke zuwa. Ta tsinko, ta murza, ta kai hancinta kamar yadda ta saba saboda masu kallo, sannan ta miƙo mini kamar tana nuna mini kyansa. In na ce "kai, madalla" ta jefa a kwando. In na yi shiru ta yar. Muka daɗe a haka lafiya lau.

Sai mahaifiyata ta faɗi ta karye a ƙugu, aka kira ni jinya. Kafin in tafi na ja kunnen Inna.

"Kada ki taka tudun nan sai na dawo. Ki yi maneji da busasshen da ke akwai."

"Na ji, uwata," in ji ta, tana tsokanata.

Jinyar ta ja fiye da yadda na zata. Ruwan sama ya sauka, danshi ya lalata ɗan busasshen da ya rage. Matashin Kurciya ya sane, ta daina barci, sauro ya dawo gidan. Sai ga Mai Firji da alewarta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta ce ai ba komai, ita za ta raka Inna tudu, ta riƙe mata kwando, kada santsi ya kwashe ta.

Abin da ya faru a tudun, Inna ce ta ba ni labari daga baya, ba ta rage komai ba. Ta tsinko, ta murza, ta kai hanci, ta miƙa wa Mai Firji kamar yadda take miƙo mini. Ta yi zaton dabara take yi, za ta ari hancin matar ba tare da ta sani ba. Mai Firji ta shinshina ta lumshe ido.

"Kai, Inna! Wannan ai har cikin ƙwaƙwalwa."

Haka ta yi ta faɗa har kwando ya cika. Suka dawo gida. Mai Firji da kanta ta farke bakin matashin yarinyar, ta zazzage tsohon ganye, ta cusa sabo tun bai gama bushewa ba, ta ɗinke da allurata da na bari a taga. Kurciya ta ɗauki matashin ta kai fuska, ta ture.

"Kaka, wannan wari yake."

Inna ta juyo wajen yarinyar. Amma kafin ta buɗe baki Mai Firji ta kwashe da dariya.

"Ji 'yar banza! Za ki koya wa Mai Ƙamshi ganye? Ni tun daga ƙofar gida nake jin ƙamshinsa. Ɗanye ne shi ya sa ya yi miki ƙarfi." Ta cusa mata alewa a baki.

Inna na da zaɓi biyu a lokacin, ta yarda da yarinya ta tona wa kanta asiri a gaban wadda take tsoro, ko ta yarda da babba. Ta daka wa Kurciya tsawa ta ce ta kwanta. Da ruwan ganyen nan ta yi mata wanka kuma, don cizon sauron ya kwanta.

Ranar da na dawo, ban ko sauke jakata ba na ga tsakar gida cike da mutane. An janye kayan shanya gefe, an shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin igiya. Baffa na zaune a kan kujerar mai gida. Uban yarinyar na tsaye a jikin bango, yana wasa da makullin mota. Matan gidan duk sun fito, har da masu leƙe ta katanga. Kurciya na kan cinyar Mai Firji. Da ƙyar na gane ta. Fuskar ta kumbura, ido ɗaya ya kusa rufewa, wuya da ƙirji duk ƙuraje, an shafe ta da wani farin magani na asibiti. An ɗaure mata hannuwa da ƙyalle don kada ta sosa. Inna na durƙushe a gefen tabarma, ɗankwalinta ya zame ba ta sani ba.

Na nufi wurinta. Mai Firji ta ɗaga hannu.

"Tela, ki tsaya daga nan. Mun san ke ce hancinta."

Ashe ta daɗe da sani. A gaban kowa ta ba da labari, tana jin daɗinsa kamar mai ba da labarin biki. Wai tun kafin in yi tafiya ta kawo wa Inna kwalbar turare ta ce ta shinshina mata, Inna ta ce mai sanyi ne, a saya. Ruwan famfo ne a ciki. Wasu matan suka rufe baki suna ƙunshe dariya.

Baffa ya yi gyaran murya. "Inna, ba mu zo cin mutuncinki ba. An ce ba kya jin ƙamshi, har kin kwantar da yarinya kan guba. Ke kuma kin ce kuskure ne na rana ɗaya. To ga hanya mai sauƙi."

Mai Firji ta kwance wani ƙunshi, ta ajiye dami biyu na ɗanyen ganye a kan tabarma, ɗaya dama ɗaya hagu.

"Ki nuna mana tazargade a ciki," in ji Baffa. "In kin nuna, mu tashi mu ba ki haƙuri, yarinya ta zauna."

Daga inda nake ba na iya jin komai, iska ma ba ta taimake ni ba. Na yi ta addu'a a zuci ta ce musu gaskiya kawai, ta ce na rasa hanci amma ga Tela, ga matan gida, za mu taya ta. Amma na san lissafin da take yi. In ta amsa, an gama. In ta yi caca, ko ta ci ko ta faɗi. Ta dubi jikarta. Sannan ta miƙa hannun nan nata da sabulu ya cinye, ta tsinki na dama, ta murza, ta kai hanci. Ta tsinki na hagu, ta murza, ta kai hanci. Ta yi shi da natsuwa irin ta gwanaye, yadda ta yi shi tun kafin a haifi rabin mutanen da ke wurin. Har ta ɗan yamutsa fuska a kan na hagun, ta share yatsunta a zani.

Ta ɗora hannu kan na dama. "Wannan ne."

Sai Kurciya ta sunkuyo daga cinyar gwaggonta, ta ja hanci, ta yi magana da 'yar muryarta, irin yadda take yi a tudu in tana son a yabe ta.

"Kaka, duk biyun maƙaryaciya ce."

Tsakar gida ta fashe da dariya. Wallahi dariya suka yi. Matan da ta dafa wa 'ya'yansu ruwan wanka, matar mai gida da ta shekara tana kwana kan matashin da Inna ta cusa mata, har da riƙe ciki. Yarinyar ta ga ana dariya ita ma ta yi murmushi da kumburarren bakinta, ta zaci ta yi abin kirki.

Ni kam na manta da wani Baffa. Na ture wadda ke gabana na shiga tsakiya.

"Ke Mai Firji, ki ji tsoron Allah! A gabana aka koya miki ganyen nan. Ke kika ce ko makaho ba zai haɗa su ba. Kin iya zaɓo maƙaryaciya zalla har dami biyu yau, amma ran da kika cusa ta a matashin yarinya ba ki gane ta ba? 'Yar yayanki kika sa ta kwana a kan wuta don ki samu mai wanke miki kwalabe!"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta gyara wa yarinyar zama.

"Ina ni ina sanin ganye, Tela? Ni lemo nake sayarwa. Wannan ma yara na sa suka tsinko mini. Ita ce Mai Ƙamshi, ita ta ce mini shi ne, ni wace ce da zan musa wa babba?"

Na juya wurin uban. Na ce, "Kai fa? Ba ka da baki? Matar nan ta raya maka 'ya da cokali lokacin da kuka bar ta ta mutu." Ya dubi makullinsa, ya ce shi duk abin da Yaya ya yanke, kuma yana da lodi yau, ana jiransa.

Baffa ya ce in yi wa kaina faɗa, ba dangina ba ne. Ya tuna wa Inna maganarta, cewa ran da aka ga tabo a zo a ɗauka. Ya ce ba don ƙi ba ne, don lafiyar yarinya ne. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta roƙi a ba ta lokaci ta haɗa kayan. Ta hura gawayi, ta goge 'yan rigunan Kurciya ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye a kanta saboda ƙauri. Duk rigar da ta ninke sai hannunta ya tafi neman reshen da za ta saka a tsakiya, ya dawo wayam. Da ta miƙa ƙunshin, Mai Firji ta kwance shi a tsakar gida, ta kakkaɓe kowace riga a gaban jama'a, wai kada a sako wani abu. Ta dunƙule su ta tura a leda. Sai da suka kai ƙofa Kurciya ta gane ba yawo za a je ba. Ihunta har bakin titi muna ji.

Labari ya zaga layin kafin magariba. Masu kawo wanki suka janye ɗaya bayan ɗaya, wai ba su san me za ta saka musu a kaya ba. Yara suka sa mata Inna Toshe. Wata maƙwabciya, uwar 'ya'ya, ta kawo mata ruɓaɓɓen ƙwai a cikin ƙyalle ta ce ta shinshina mata sabon turare, ƙawayenta na laɓe a bayan ƙofa. Na watsa musu ruwan baho, ban kuma ba da haƙuri ba. Mai Firji ta aiko cewa kada Inna ta zo shago tukuna, sai yarinya ta saba.

Inna ta jira. Ta rame, ta daina 'yar waƙarta. Sai da damina ta wuce, tazargade ya yi fure ya ƙosa, lokacin da ƙamshinsa ya fi ƙarfi, sannan ta ƙwanƙwasa mini bango.

"Tela, yarinyar nan ba ta barci. Na sani a jikina. Zo ki raka ni tudu."

Muka je. Wannan karon ba ta kai ganye hancinta ba, kai tsaye take miƙo mini. Na zaɓa reshe-reshe. Ta shanya a inuwa. Na ɗinka ɗan matashi da ragowar ƙyallen wata rigar Kurciya, ta cusa da hannunta, ta yi wanka, ta sa zaninta na fita.

Mun tarar da shagon cike da masu saye. Kurciya na can baya kusa da kwata, a tsugune gaban bahon da ya fi ta girma, tana wanke kwalabe. Fuskar ta warke, sai 'yan baƙaƙen tabo a wuya. An aske mata kai. Inna ba ta hange ta ba sai da na juya ta wajen.

"Kurciya," ta kira a hankali. "Kurciyata."

Yarinyar ta ɗago. Ta saki kwalba ta taso da gudu, har ta iso jikin kakarta, Inna ta sunkuya ta rungume kanta. Sai idon yarinyar ya sauka kan matashin. Ta ƙwalla ƙara, ta fizge jikinta, ta ruga bayan Mai Firji ta ƙanƙame zaninta.

"Gwaggo, ta kawo ganyen! Kar ta sa mini! Kin ce in ta sake sa mini mutuwa zan yi!"

Masu sayen lemo suka juyo suna kallo. Inna ta tsaya da matashi a hannu.

"Na gaske ne," ta ce. "Tela ce ta zaɓa."

Mai Firji ta karɓa, ta kai hanci, ta ja numfashi sosai. Matar da ta ce a gaban Baffa ba ta san ganye ba.

"Lallai wannan na gaske ne," in ji ta. Ta sa haƙori ta farke ɗinkina, ta duƙa ta zazzage ganyen a bayan firji da ƙarƙashinsa, ta tura da ƙafa. "Kyankyasai sun addabe ni a nan. In kin sake samun irinsa, Inna, ki aiko Tela da shi, ba sai kin wahalar da kanki ba." Ta jefa wa yarinyar ƙyallen. "Ungo, goge kwalabe da shi. Koma bakin aikinki."

Na buɗe baki, Inna ta matse mini hannu. Muka juyo.

Muka kama hanyar gida. Tana riƙe da damtsena saboda ramukan hanya. Sai da muka zo tsallaka layin dogo ta tsaya.

"Tela, da ta zo jikina kina kusa. Kanta, wane ƙamshi yake yi yanzu?"

Tsamin lemon da ya kwana a kwalba yake yi, da ƙarnin kwata, da fitsarin da ba a wanke ba. Na dubi fuskarta, ta ɗaga ta sama tana jira, idanun nan masu yana sun kafe a kaina. Na kasa faɗa mata gaskiya.

"Na tazargade, Inna. Har yanzu bai bar jikinta ba."

Sai ta zare hannunta daga damtsena a hankali.

"Mai Firji ma da irin wannan muryar ta faɗa mini a tudu," ta ce.

Ta tsallaka layin ita kaɗai, tana laluben ƙarfen da ƙafa. Har yau tana ɗakin ƙarshe kusa da famfo, muna gaisawa, ina kai mata abinci tana karɓa. Amma ba ta sake miƙo mini wani abu ta ce in shinshina mata ba.